DAGA TSIBIRIN GOBIR: Zuciyar mai jego da shari'ar kunun kanwa

A wannan mako filin namu zai bar zancen farashin hatsi da na awon kaya a kan iyaka, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini rai, kuma na tabbata babu magidanci ɗaya a cikinku, ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati, wanda ba ta shafa ba.

A cikin ɗarin da ya wuce na halarci suna a gidan wani abokina nan Tsibiri. An yanka rago, an raba goro, mun yi wa angon ƙarni barka, mun watse cikin murna. Ba a cika wata guda ba sai ga mu mun koma ƙofar gidan nan, bisa tabarmi guda, muna karɓar gaisuwa. Mai jego ta rasu kafin ta yi arba'in. Abin da aka shaida mini shi ne, tun bayan suna ƙafafunta suka fara kumbura, ta riƙa haki ko da tsintsiya ta ɗauka, daga baya kwanciya ma ta gagare ta, sai dai ta kwana zaune jingine da bango tana tari. Tsofaffin gida suka ce sanyi ne ya shige ta, aka ƙara wa ruwan wanka wuta, aka ƙara wa kunu kanwa. Ranar da aka yanke shawarar kai ta Maraɗi, tafiyar da ba ta kai kilomita 15 ba, bakin alƙalami ya riga ya bushe.

A wurin zaman makoki gardama ta tashi ƙasa-ƙasa. Ƴan boko irina suka ce wankan jego da kunun kanwa ne suka kashe ta. Wata gwaggon mamaciyar, da maganar ta kai kunnenta, ta sa aka kira ni zaure ta ce: "Ɗan nan, ni na haifi tara, kowane na yi masa wanka kwana arba'in, na sha kanwa har ta ishe ni, ga ni zaune. Uwarka ma haka ta yi. In kanwa na kisa, wa zai haife ku?" Na ce: "Gaskiyarki, Inna," na sunkuyar da kai, don a ranar ba ni da amsa. Tun daga nan na shiga neman abin da masana suka gano, kuma abin da na samu bai ba kowane ɓangare gaskiya dukanta ba.

Ciwon da ke da suna

Likitoci sun san wannan ciwo, suna kiransa raunin zuciya na gab da haihuwa ko bayanta. Zuciya tsoka ce mai aikin famfo. A kowane bugu, ɗakinta na hagu yana tura fiye da rabin jinin da ke cikinsa zuwa sassan jiki. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta tsai da ma'anar ciwon a 2010: mace ce wadda ba a san ta da ciwon zuciya ba, sai a ƙarshen ciki ko cikin watannin da ke biye da haihuwa zuciyarta ta saki, har abin da take turawa ya kasa kashi 45 cikin 100, kuma aka bincika ba a ga wani dalili ba. Idan famfo ya yi rauni, ruwa sai ya taru a baya. Wanda ya taru a huhu shi ke kawo haki da tari da kasa kwanciya, wanda ya taru a jiki kuwa shi ne kumburin ƙafa da na ciki.

Ana samun ciwon ko'ina a duniya, amma a Turai da Amurka sai an yi haihuwa dubbai kafin a ga mace guda. Inda ya fi yawa a duk inda aka taɓa ƙirgawa, ƙasar Hausa ce. A Zariya an kiyasta mace 1 cikin haihuwa kamar 100. A Sakkwato binciken da aka buga a 2007 ya sami 1 cikin 102. A Kano an sami 1 cikin 96. Tsakaninmu da Katsina da Sakkwato kuwa babu abin da ya raba mu sai layin da Turawa suka ja bisa takarda. Abincinmu ɗaya, al'adarmu ta jego ɗaya, rana ɗaya ke dukanmu, saboda haka wanda ya ce wannan lissafi na ƴan Najeriya ne kaɗai yana ruɗin kansa.

Yadda aka kama kanwa da laifi

Waɗanda suka fara ɗora wa al'ada laifi ba su yi haka da ka ba. Likitoci biyu ne na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Neil Davidson da Eldryd Parry, suka bi mata 224 masu wannan ciwo tun daga ƙarshen shekarun 1960, suka buga cikakken sakamakonsu a 1978. Sun lura ciwon ya fi yawa a yankin da mai jego ke wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, ta kwanta bisa gadon ƙasa da aka hura wa wuta, ta sha kunu mai kanwa da yawa, kuma ya fi tsanani a watannin zafi da damina. Bayaninsu mai shiga hankali ne. Mace mai ciki jininta yana ƙaruwa da kusan rabi, kuma bayan haihuwa jiki yana bukatar ya zubar da wannan rara. Kanwa kuwa, ko da yake wasu na kiranta potas a faransanci, sinadarin da ya fi yawa a cikinta sodiyom ne, wato shi dai wanda ke cikin gishiri, kuma aikinsa ya riƙe ruwa a jiki. Zafi shi ma yana buɗe hanyoyin jini na fata, ya tilasta wa zuciya ta ƙara gudu. An ɗora wa jaki kaya biyu ke nan a lokacin da ya fi gajiya. A 1979 wani binciken da aka yi a Zariya da na'urar hoton zuciya ya nuna cewa da dama daga cikin matan tsokar zuciyarsu ba ta lalace sosai ba, ruwa ne ya yi mata yawa.

Mu ma nan Nijar ba a bar mu a baya ba. A babban asibitin Yamai, likita Arnaud Cénac da abokan aikinsa, cikinsu har da Ali Djibo, sun shafe shekaru suna bin matan da ke zuwa da wannan ciwo. A 1992 suka buga cewa jinin matan yana da ƙarancin wani sinadari da ake kira seleniyom idan aka gwada da na masu shayarwa lafiyayyu. Seleniyom jiki kaɗan yake bukata, daga ƙasa yake shiga hatsi, ana kuma samunsa a nama da kifi da ƙwai, kuma an riga an san rashinsa ya taɓa haddasa ciwon zuciya a gundumar Keshan ta ƙasar Sin. Daga Yamai ke nan aka nuna cewa a duba abin da mace ba ta ci ba, kada a tsaya ga abin da ta sha kawai.

Hukuncin da ya fito daga Kano

Shekara 40 bayan aikin Zariya, Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da asibitin koyarwa na Aminu Kano ya jagoranci bincike mafi girma da aka yi a yankinmu, wanda ake kira PEACE. An tattara mata 406 masu ciwon daga asibitoci 22 na sassan Najeriya, aka gwada su da mata masu jego lafiyayyu, aka buga sakamakon a 2020. Abin da ya fito ya ba mutane da yawa mamaki: da aka auna komai da komai, ba a ga wankan jego da kunun kanwa suna rarrabe mai ciwo da marar ciwo ba, haka ma zama Bahaushiya ko Bafulatana. Abubuwan da suka fito fili su ne hawan jini na lokacin ciki, wanda ke kai mace ga jijjiga, da rama, da rashin karatu, da rashin sana'a. A taƙaice, talauci da tansiyo.

Ashe gwaggo tana da hujja. Dubban mata suna wanka suna shan kanwa, ba abin da ke samunsu, domin zuciyarsu lafiya lau take, tana iya ɗaukar kayan. Amma kada a yi saurin guɗa. Binciken ya ce kanwa ba ita ce tushen ciwon ba, bai ce tana da amfani ga wadda ciwon ya riga ya kama ba. Babu likitan zuciya a duniya da zai yarda a ba mai kumburi da haki gishiri, balle a kwantar da ita bisa wuta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ciki da yunwa da hawan jini su ke tsaga bangon, kanwa da zafi su shiga su ƙarasa. Kuskuren da aka yi a gidan abokina shi ne da aka ga kumburi aka kira shi sanyi, aka yi masa maganin da ke ƙara shi.

Kashi na biyu na binciken PEACE shi ya fi tayar mini da hankali. Daga cikin matan da aka bi har kimanin wata 17, kusan 19 cikin 100 sun rasu, kuma waɗanda zuciyarsu ta koma daidai ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. A shekarar nan ta 2020 ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta buga nata lissafi na mata 739 daga ƙasashe 49, inda 6 cikin 100 suka rasu cikin wata shida, kusan rabi kuma suka warke. Tsawon lokacin bibiyar ba ɗaya ba ne, amma tazarar ta isa ta nuna mana cewa ciwon yana jin magani, kuma abin da ke kashe matanmu shi ne zuwa a makare da yanke magani a tsakiya.

Abin da likitoci ke yi a yau

Gano ciwon ba ya bukatar fita waje. Awon tansiyo, sauraren ƙirji, awon jini don a ga ko ya yi ƙaranci, sannan hoton zuciya da ake kira ekogarafi, wanda shi ke nuna ƙarfin famfon. Magungunan farko kuma tsofaffi ne, ba masu tsadar gaske ba. Akwai mai sa fitsari, irin su furosemide, wanda ke sauke ruwa har mace ta samu ta kwanta. Akwai masu sassauta hanyoyin jini, irin su enalapril da captopril, waɗanda aka hana mai ciki amma mai shayarwa tana iya sha. Akwai masu rage gudun zuciya don ta huta, irin su bisoprolol da carvedilol, kuma a binciken PEACE matan da suka samu irin wannan sun fi tsira. Akwai spironolactone. Idan zuciya ta yi rauni ƙwarai akan ƙara maganin hana jini daskarewa, saboda gudan jini yana iya tashi daga zuciya ya toshe ƙwaƙwalwa, mace ta wayi gari da shanyewar ɓarin jiki.

A nan ne magidanta ke yin kuskure mafi yawa. Mai sa fitsari yana aiki cikin kwana biyu ko uku, kumburi ya saɓe, mace ta tashi ta kama daka, sai maigida ya ce ta warke, ya ninke ordonansi ya jefa aljihu. Alhali kumburi ne ya tafi, zuciya tana nan da rauninta, kuma sauran magungunan da ke gyara ta watanni suke ɗauka. Shawarar masana ita ce a ci gaba da su ba ƙasa da shekara guda ba ko bayan hoto ya nuna zuciya ta koma daidai, kuma likita ne kaɗai zai janye su, sannu a hankali. A kuma kiyayi ƙwayoyin ciwon jiki da ake talla bisa tebur a kasuwa da tasha, irin su diclofenac da ibuprofène, domin su ma riƙe ruwa suke yi.

Akwai wani sabon babi da ya kamata a sani. A 2007 wata masaniya a Hanoba ta ƙasar Jamus, Denise Hilfiker-Kleiner, ta nuna cewa sinadarin da ke kawo ruwan nono yakan tsage a jikin wasu mata, guntunsa ya riƙa lalata ƙananan hanyoyin jini na zuciya. Daga nan aka gwada maganin bromocriptine, mai tsai da wannan sinadari. A gwajin farko na Afirka ta Kudu a 2010, cikin mata 10 da suka sha 1 ta rasu, cikin 10 da ba su sha ba 4 suka rasu. An sake gwadawa a Jamus da Burkina Faso, aka buga a 2017, kuma a 2018 likitocin Turai suka sa shi cikin abin da likita zai iya dubawa, tare da maganin hana daskarewar jini. Sai dai maganin yana ƙafar da nono. A gidan da babu kuɗin madarar gwangwani, babu tsabtataccen ruwa kullum, ceton uwa ta wannan hanya yana iya zama hasarar jinjiri. Saboda haka hukunci ne na likita ga wadda ciwonta ya tsananta, kuma kada wata mace ta yaye ɗanta da kanta don ta ji wannan labari. Shi ma seleniyom an gwada shi a Kano kan mata 100, inda waɗanda suka sha wata uku suka fi samun sauƙin haki, amma adadin ya yi kaɗan a yanke hukunci a kai.

Wani labari mai ƙarfafa gwiwa ya fito a 2024. A asibitoci 6 na Najeriya an gwada wata na'urar sauraren ƙirji mai haɗe da kwamfuta a kan mata kusan 1,200 masu ciki da masu jego, aka ga ta gano masu raunin zuciya ninki biyu na waɗanda awon yau da kullum ya gano. Ga ƙasa irin tamu, inda likitocin zuciya ƴan ƙalilan ne kuma akasarinsu suna Yamai, abin da zai ba majo na ƙauye damar ya san wadda zai tura birni ba ƙaramin abu ba ne.

Magana mai nauyi

Sauran magana guda, wadda na san ba ta da daɗin ji. Macen da ta taɓa yin wannan ciwo, idan ta sake ɗaukar ciki kafin zuciyarta ta koma daidai, tana cikin haɗarin mutuwa, kuma ƙa'idar likitoci ita ce a hana ta har sai hoto ya nuna ta warke. Ko wadda ta warke ma sai an riƙa bin ta kusa. Ƙidayar lafiya ta 2012 ta nuna macen jihar Maraɗi tana haihuwar ƴaƴa fiye da 8 a rayuwarta, saboda haka wannan shawara a nan ta fi ko'ina nauyi. Malamanmu sun san shayarwa shekara biyu ce, sun kuma san kiyaye rai wajibi ne. Maigidan da likita ya ce masa a dakata, ya dakata, don gara tazarar shekara biyu ko uku da a bar masa marayu.

Abin da ke hannunmu

Tun da tansiyo ce kan gaba, awon ciki shi ne rigakafin farko. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce tun 2016 a ga mai ciki sau 8 kafin ta haihu. Idan awo ya kai 14/9 a bi shi da magani, idan ya kai 16/11, ko ta ce kanta na sarawa, idonta na ganin duhu, fuskarta ta kumbura, a tafi likita a daren nan. A 2022 hukumar ta ƙara da cewa a duba mai jego sau 4: a ranar farko, a kwana na uku, tsakanin mako ɗaya da biyu, sannan a mako na shida. Ku duba ku gani, waɗannan kwanaki su ne daidai kwanakin da al'ada ta ce mai jego ba ta fita. To, in ba ta fita biki ba, a bar ta ta fita awo.

Alamun da za a tsare guda biyar ne: haki a kan ɗan ƙaramin aiki, kasa kwanciya sai an tara matasai, farkawa cikin dare numfashi na sarƙewa ko tari, kumburin da ke hawa daga ƙafa zuwa ciki, da bugun zuciya mai firgitarwa. Duk mai jegon da ta nuna ɗaya daga ciki, a sauke tukunyar wanka, a ajiye kanwa, a nemi mota.

Ga iyayenmu mata ina roƙo da ladabi. Ba wanda ya ce a bar jego, domin hutun kwana arba'in da kulawar da kuke yi wa ɗiyanku abin alfahari ne da wasu ƙasashe ke nema ba su samu ba. A sassauta zafin ruwa, a rage kanwa a kunu. OMS ta ce gishirin babban mutum a yini kada ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma dunƙulen miya da muke jefawa biyu-biyu kusan rabinsa gishiri ne. A mai da ƙarfi wajen ciyarwa tun ciki yana ƙarami: wake, ƙwai, nono, hanta, kifi, da zogalen nan na Jiratawa da ake lodawa zuwa kasuwannin nesa alhali matanmu na fama da rama.

Ga ƴan uwana magidanta kuwa, mu yi wa kanmu adalci. Muna fara tanadin rago da turamen zane tun ciki na wata bakwai, amma kuɗin awo da na magani sai mun yi ta jan ƙafa. Na'urar awon tansiyo ba ta kai kuɗin ragon suna ba. Alhazan Maraɗi da Allah ya buɗa wa, waɗanda suka gina masallatai da rijiyoyi, su sani cewa na'urar hoton zuciya a gidan haihuwa ita ma sadaka ce mai gudana. Hukumomin lafiya na jiha da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo su kuma su buɗe rajistar matan da ke zuwa da wannan ciwo, kamar yadda Kano ta yi, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na koma wurin gwaggo bayan sadakar arba'in na karanta mata abin da na samu. Ta yi shiru, sannan ta ce: "To, ɗan nan, ka rubuta cewa ba mu muka kashe ta ba." Na ce zan rubuta, amma zan ƙara da cewa daga yau duk wanda ya ga kumburi da haki ya kira shi sanyi, ba shi da uzurin rashin sani. Ta ce in rubuta hakan ma.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa bisa hannun uwayensu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.